Dakta Ni'ima da Dattijon Cikin Kwamfuta

A unguwar Ƙofar Ran ta Bauchi har yau akwai tsofaffin da ba su yafe wa Ni'ima idonta ba. Tun tana 'yar mitsitsiya, in babba yana yi mata magana sai ta ɗago kai ta zuba masa ido, ko ƙiftawa babu, kamar mai jira ya gama ta gyara masa kuskure. An yi duka, an yi rubutun sha, an kai ta gidan gwaggonta a Azare ko za ta koyo kunya. Ta dawo ta iya dambu, ido kuwa yana nan yadda ya tafi. Mahaifinta, mai rumfar atamfa a Kasuwar Muda Lawal, shi kaɗai ya ga amfanin abin, domin in ya tafi salla ya bar ta a rumfa ba mai yi wa kaya tayin wulaƙanci. Da ya rasu, ƙaninsa da kowa ke kira Bappa ya karɓi riƙon gidan, ya yanke hukuncin da ya ce ya fi sauƙi: tunda yarinya ta kasa sunkuyar da kai a gaban mutane, a bar ta ta sunkuyar da shi a kan littafi.

Haka aka yi. Ta gama sakandare, ta gama jami'a, ta samu gurbin karatu a Turai, inda ta yi digiri na uku a kimiyyar ƙwaƙwalwa. Fanninta shi ne mayar da hankali, wato yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar abu ɗaya cikin tarin abubuwan da ke gaban mutum ta riƙe shi, ta saki sauran. A can ne, karon farko a rayuwarta, aka yaba wa idonta. Malamanta suka ce tana kallon mutum kai tsaye, alamar mai gaskiya. Ta kira mahaifiyarta, Inna, a waya ta ba ta labari. Inna ta ce, "To ai sai ki yi zamanki can."

Ba ta zauna ba. Ta dawo Bauchi ta kama koyarwa a jami'a, ta yi aure, ta haifi biyu, suna zaune a Fadaman Mada. Da labari ya bazu cewa likitar ƙwaƙwalwa ta tare a unguwa, aka fara yi mata sallama da masu farfaɗiya, da masu mantuwa, da wani da ya saki matarsa bai san dalili ba. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita ba ta ba da magani, auna yadda mutum ke mayar da hankali kawai take yi. Maƙwabta suka fahimta, suka tausaya mata, suka daina kawo kowa.

A jami'a an ba ta aji mai ɗalibai kamar taron suna, da wani ɗaki da a da ake ajiye karyayyun kujeru, aka ce shi ne ɗakin bincikenta. Aka haɗa ta da Roda, 'yar Bogoro, ma'aikaciyar da ke kula da na'urori, ko da yake a lokacin na'urar da ke ɗakin fanka ce. Shekaru suka ja. Waɗanda suka shigo aiki tare da ita suka zama farfesoshi, wani ma da maƙalu a kan abubuwan da bai taɓa gani da idonsa ba. Ita ta tsaya a muƙamin babbar malama. Ƙa'idar ƙarin girma a fili take: tana bukatar maƙala guda a wata babbar mujalla ta duniya, kafin kwamiti ya zauna. In ta samu, ta zama mataimakiyar farfesa. In ba ta samu ba, ta jira zagaye na gaba, shi kuma zagaye na gaba a jami'ar nan ba a san masa rana ba.

Ana cikin haka sai ga sauƙi ya zo har gida. Wani farfesa a jami'ar da ta yi karatu ya haɗa wani babban aiki: a auna mayar da hankali a ƙasashe da dama, da gwaji iri ɗaya, a buga sakamakon a maƙala guda mai sunayen kowa da kowa. Yana neman wuri ɗaya a Afirka, ya tuno da tsohuwar ɗalibar nan mai kallon mutum cikin ido. Aka aiko da kwamfuta da na'urar bin ido. Roda ta goge ɗakin har sau biyu.

Gwajin ba shi da wuya. Mutum zai zauna, ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan maƙale, wata ƙaramar kyamara a ƙasan allon kwamfuta tana bin ƙwayar idonsa. Sai fuskar mutum ta fito a allon. An ce ka kalli idanun fuskar nan, kada ka kauda kai. Can sai idanun su juya hagu ko dama, wani ɗigon haske ya fito, ka danna maɓalli. Duk lokacin da idonka ya bar idon fuskar, na'ura za ta rubuta cewa hankalinka ya tafi yawo. Fuskokin kuwa na Turawa ne, tsofaffin da suka yi ritaya suka ba da hotunansu don taimaka wa ilimi. Cikinsu akwai wani mai farin gemu da girar da ta haɗe, shi ya fi fitowa. Roda ta sa masa suna Baba Zakka, wai sak wani dattijon majami'arsu da ke tsare ƙofa yana duba tsawon siket.

Mutane suka zo: ɗalibai, ma'aikatan ofis, matan unguwa, 'yan kasuwa da Bappa ya aiko don kada a ce 'yar gidansu ta rasa jama'a. Aka auna, aka tura. Bayan wasu watanni daftarin maƙalar ya iso. Bauchi ce ta ƙarshe, kuma da rata mai yawa. A tsakiyar shafi, cikin Turanci mai ladabi, an rubuta cewa mutanen Bauchi sun nuna raunin mayar da hankali, musamman mata da matasa, wataƙila saboda ƙarancin abinci mai gina jiki tun yarinta da ƙarancin karatu. Rabin waɗanda aka auna a jami'a suke. Wasunsu ma ƙibarsu ta sa sai da aka canja kujera.

Ni'ima ba ta yarda ba, amma rashin yarda ba hujja ba ce. Ta duba haske, ta duba zafi, ta sa Roda ta kwance wayoyi ta mayar. Daga ƙarshe ta yi abin da kowane mai bincike zai yi: ta zauna da kanta ta ɗora haɓa. Ta kalli Baba Zakka cikin ido tun daga farko har ƙarshe, sakamakonta ya fi na Turawan kansu. Ta tashi ta ce na'ura lafiyarta ƙalau. A duk faɗin Bauchi da wuya a samu wadda ba ta dace da gwada na'urar nan ba kamarta, amma wannan bai zo mata a rai ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci ta je Ƙofar Ran gaida Bappa. Tana zaune a gefen tabarma sai ga A'i, matar ƙaninta, ta shigo da kwanon fura. A'i malamar lissafi ce a wata sakandare, kuma ita ce ta fi kowa faɗuwa a gwajin. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, idonta a kan tabarma, ta gaida Bappa. Ya tambaye ta yara, ya tambaye ta makaranta, ya ba ta saƙo mai tsawo zuwa ga mijinta. Duk wannan ba ta ɗago ba ko sau ɗaya. Da za ta fita ta janye butar da ke kusa da ƙafarsa don kada ya yi tuntuɓe, har yanzu kanta a ƙasa.

Ni'ima ta bi ta har madafa.

"A'i, zo nan. Ran da kika zo gwaji, ina kike kallo?"

"Allon mana, Yaya."

"Wane wuri a allon?"

A'i ta yi 'yar dariya. "Wajen wuyan rigarsa."

"Ba cewa na yi ki kalli idonsa ba?"

"Haba Yaya. Mutumin nan fa ya girmi Bappa. Ga furfura, ga gemu, ya kafe ni da ido. Ni ma sai in kafe shi kamar wata 'yar tasha?"

"Hoto ne fa, A'i."

"Hoton ma ai na mutum ne. Kuma ɗigon naki duk na gan shi, ko ɗaya bai wuce ni ba. Ke ce dai kika ce sai ta idonsa za a bi."

Ni'ima ta tsaya riƙe da murfin tukunya. Abin da aka yi ta dukanta a kai bai shiga ba, shi ne ya shiga kowa a garin, kuma shi na'urar ke rubutawa a matsayin shashanci. Ta ajiye murfin, ta fita ko sallama ba ta yi wa Bappa ba, abin da bai ba kowa mamaki ba.

Ran Litinin ta tambayi Roda ita ma ina take kallo in ta zauna a kujerar.

"Dakta, ni? Baba Zakka? A gidanmu in ka kalli baba haka, sai an tara dangi. Ni gemu nake kallo."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaya ba. Kuma na ga ke kina kallonsa kamar kun yi faɗa, na ce wataƙila haka ilimin yake."

Suka cire fuskokin Turawan. Ni'ima ta ɗauki hotunan 'ya'yanta da na Roda da na wasu yaran unguwa, ta jera su a madadinsu. Ta sake kiran mutanen da suka fi faɗuwa. Suka zauna suka kalli yaran cikin ido ba ko gezau, wasu har da harara. A'i ta fito cikin na gaba-gaba. Samarin da na'ura ta ce hankalinsu ba ya zama, ashe duk lokacin da fuskar tsohuwar Baturiya ta fito suke kauda kai.

Ta tura wa farfesan Turai komai, aka sa ranar magana ta bidiyo. Farfesan ya fito a allo da murmushinsa, ya ce abin da ta gano yana da ban sha'awa ƙwarai. Ni'ima ta zauna da Turawa ta san ma'anar wannan. Ya ce sai dai ƙa'idar aikin ita ce gwaji iri ɗaya a ko'ina, ba za a canja wa Bauchi hotuna ba, mujalla kuma tana jira. Amma don girmama ta, za a ƙara layi guda a ƙarshen maƙalar cewa mai yiwuwa bambancin al'ada ya taka rawa.

Ta ce masa, da Turancin da ya fi wannan kaushi, "Ba mai yiwuwa ba ne. Na auna. Kun aiko dattawa su tsare mutanena da ido, mutanena sun girmama su, kun rubuta cewa yunwa ce ta lalata musu ƙwaƙwalwa."

Ya ce ba wanda ya yi nufin cin mutunci.

"Na sani. Na'ura ma ba ta yi nufi ba. A sake gwajin da fuskokin da suka dace, ko a cire maganar."

Ya ce ba lokaci.

"To a cire Bauchi, a cire sunana."

Murmushin ya ragu. Ya ce in aka cire Bauchi, babu Afirka ke nan a maƙalar.

"Sai ku rubuta cewa ba ku zo ba."

Kafin azahar labari ya kai ofishin shugaban sashe, Farfesa Mijinyawa. Shi ya koyar da ita a shekararta ta farko a jami'a, dattijo mai son zaman lafiya, wanda bai taɓa ƙin sa hannu a kan wani abu ba in dai an kawo masa biro. Ya aika a kira ta, ya sa aka rufe ƙofa.

"Ni'ima, 'yata, zauna. Me nake ji haka?"

"Gaskiya ne, Malam."

"Kin san kwamiti zai zauna kafin azumi? Kin san fayil ɗinki abu ɗaya ya rage masa? Yaran da kika koyar sun fara zuwa bayanki, gobe za ki ga ɗaya ya zama shugabanki yana ba ki hutu."

"Na sani."

"To mene ne? Layi ɗaya! Kuma sun ce za su sa miki naki layin a ƙasa. Kowa ya samu. Maƙalar nan da Turanci take, a mujallar da ko laburarenmu ba ya saye. Wa zai karanta a Bauchi?"

"Ni na karanta, Malam."

"Ke kaɗai."

"Yau ni kaɗai. Baɗi wani a can zai ɗauka ya ce an auna 'yan Afirka an ga hankalinsu ba ya zama, ya kawo hujja, hujjar kuma da sunana da sunan garinmu. Daga nan a sa a littafin da za mu saya mu koyar da yaranmu."

Farfesa ya cire tabarau ya murza ido. "Ki sa hannu ki zama abin da za ki zama. In kin hau, sai ki rubuta wata ki ƙaryata. Haka ake yi. Ni nan da kike gani na ƙaryata kaina ya fi sau uku."

"Allah ya ƙara girma, Malam. Ni matar ƙanina aka ce ba ta da hankali."

"Ba a kira sunanta ba!"

"Ni na san ita ce."

Ya daɗe yana kallonta, ita ma tana kallonsa, daga baya shi ya kauda kai. Ya ce ta je ta yi tunani. Ta ce ta gama a hanya.

Maƙalar ta fito ba Bauchi a ciki. A wani wuri can ƙasa an nuna takaici cewa ba a samu bayanai daga Afirka ba. Kwamiti ya zauna kafin azumi kamar yadda aka faɗa, aka liƙa sunaye a allon sanarwa, nata ba ya ciki. Cikin waɗanda aka ɗaga akwai wani da ita ta koya masa riƙe na'urar auna bugun jini. Ya zo har ofishinta ya yi mata jaje, ta yi masa murna, suka rabu kowa ya sauke nauyi. A ɗakin shan shayi aka raba ra'ayi biyu: masu cewa girman kai ne, da masu cewa Turai ce ta taɓa mata kai. Ba a samu ra'ayi na uku ba.

Turawan ba su nemi a mayar musu da na'ura ba, domin kuɗin jirgin ya fi ƙarfin fushinsu. Ni'ima ta ɗauki wannan a matsayin kyauta. Ta tsara nata aikin: ta auna yadda mutumin da aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai yake bin abin da ke faruwa a gabansa ba tare da ya ɗago ba, da wace fuska ce ke sa shi sunkuyawa, da wadda ba ta sa shi. Ba wanda ya ba ta ko sisi don wannan, babu kuma tabbacin wata babbar mujalla za ta karɓa. Tana bukatar fuskokin gida iri-iri: yara, tsara, matan aure, dattawa. Yara da tsara ba su yi wuya ba. Dattawan Ƙofar Ran kuwa suka ce ba za a sa su cikin kwamfuta 'yan mata suna kallo ba.

Wata safiya ta ɗauki kyamara, Roda na biye da farin ƙyalle, suka ƙwanƙwasa ofishin shugaban sashe.

"In maganar ƙarin girma ce, Ni'ima, ba hannuna."

"Ba ita ba ce, Malam. Fuskarka nake so."

"Fuskata?"

"Ina neman dattijon da in ɗalibi ya gan shi zai rasa inda zai sa idonsa. Na duba jami'ar nan kaf, ba kamar kai."

Farfesa Mijinyawa ya yi gyaran murya. Ya ce wannan aikin nata ba zai kai ta ko'ina ba, ya faɗa mata tun da wuri. Ya ce ita dai ba ta jin magana. Sannan ya tambaya ko da hular zai fi kyau ko a cire.

"Da hular, Malam. Roda, riƙe ƙyallen a bayansa."

Farfesa ya ce, "Wannan karon in masu mujalla sun ce ki cire wani abu fa?"

"Su buga nasu, in buga nawa. Kalli nan. Ɗaure fuska, kamar an kawo maka fayil ɗina."

Ya ɗaure. Roda, daga bayan ƙyalle, ta ce ko ba a gwada ba wannan zai yi aiki.